Ƙasar Sawun Ɗana

A ƙauyenmu da ke kusa da Tibiri ba kowace ƙasa mai laushi ake ce wa ƙura ba. Wadda ke kwance a ƙofar gida, wadda kaji ke birgima a cikinta, turɓaya ce. Ta bakin gulbi, mai tsabta, rairayi ne. Sai ƙafa ta taka, ko kofato, ko iska ta ɗaga ta sama, sannan a ce ƙura. Saboda haka tun ina yaro, in na ji kalmar, abin da ke zo mini a rai shi ne wani ya wuce ko wani yana tafe. Mata in suna sussuka a bayan gari sukan ɗaga kai su ce, "Ga ƙura can hanyar Tibiri," sai gardama ta tashi, wasu su ce garken shanu ne, wasu su ce masu dawowa daga kasuwa ne.

Karatuna bai yi nisa ba. Na yi lakol, wato makarantar boko, shekaru kaɗan, kuma mushe, malaminmu, ya koya mini sunan ƙura da Faransanci ne ranar da ya miƙo mini tsumma in goge teburinsa. Daga nan na gane cewa a birni ƙura datti ce kawai. Bayan na manyanta na taɓa tambayar wani malami a masallacin unguwarmu inda kalmar ta samo asali. Ya ce turɓaya dai ta yi masa kama da sunan ƙasa a Larabci, mai yiwuwa daga can ta zo, amma ƙura bai san mata wani tushe ba, haka muka tarar da ita a bakin kakanni. Ban ƙara bincike ba. Abin da na sani shi ne yadda muke juya ta a magana. In rigima ta ɓarke mu ce an tayar da ƙura, in an gaji da rigimar mu ce ta lafa. Wanda ya yi tafiya mai nisa ya sha ƙura. Wanda aka tsere wa, ko ƙurar abokinsa bai gani ba. Ni da na ƙare rayuwata ina sayar da hatsi a kasuwar Maradi na san wata kuma, ƙurar buhu, wadda ke shiga wuyan riga ta sa ƙaiƙayi, ta zauna a ƙirji har tsufa. Ita ke sa ni tari yanzu.

Akwai wata ƴar kaɗan, ba ta cika tafin hannu ba, wadda nake son in ba da labarinta. Gwaggo ce ta ɗebe ta.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Lokacin da mahaifina da ƙannensa suka kama salla, ita ta tsaya a kan abin da ta tarar. Kafin shuka takan kai kaza gindin wata tsamiya a bayan gari, in ta dawo ba ta faɗa wa kowa abin da ta ce a can. Ba ta taɓa hana kowa sallarsa ba, ita ma ke cika mana buta. Ita ta goye ni shekarar da mahaifiyata ta kwanta ciwo. Mijinta ya rasu, ƴaƴanta duka sun riga ta, mahaifina ma ya bi su. Da wata damina ta rushe ɗakinta, na je da amalanke na ɗauko ta da ƴan ƙorenta na kawo ta gidana a unguwar Sabon Gari ta Maradi, na ba ta ɗakin da ke kusa da zaure.

Ranar da ta iso, kafin ma ta sha ruwa, ta riƙe mini hannu ta ce, "Ɗana, abu guda nika so. Nan zan mutu, kai za ka bizne ni. Kar ka bari baƙi su ɗauke ni."

Na ce, "Haba Gwaggo, wace irin magana ce wannan daga zuwa?"

"Ka dai amsa."

Na amsa mata.

Unguwa ta san ba ta salla, amma da farko babu wanda ya damu. Tana soya gyaɗa, yara suna zagaye da ita. Maiɗakina takan kai mata fura ta zauna su yi hira. Wanda ta fi so duk gidan shi ne ɗana na fari, saurayi ne a lokacin, yana koyon ɗinki. Tun da jika yake a wurinta, wasan miji da mata suke yi. In ya shigo da yamma sai ka ji ta daga ɗaki:

"Mijin banza, ka dawo hannu rabbana? Ko goro babu?"

"Tsohuwa, da wane haƙorin za ki ci goron? Ai na sake ki tun jiya, ba a faɗa miki ba?"

"Sakin naka na wofi. Wa za ya kwashe ka in ba ni ba, da wanga kai naka awa tulu?"

Ni kuwa a shekarun nan na fara samun suna a unguwa. Ina zuwa karatu bayan la'asar, ana ce mini Malam ko da yake ban cancanta ba, kuma in liman ya yi tafiya ni ake turawa gaba a ƙaramin masallacinmu. Na ɗinka farar riga saboda haka. Abin yana yi mini daɗi ƙwarai.

Sai yaron ya ce zai bi abokansa arewa, can gaba da Agadas, neman aiki. Lokacin salula ba ta zo ba, wanda ya tafi sai dai a jira saƙo a bakin matafiya ko kaset. Safiyar tafiyar ya yi alwala, ya tsaya a ƙofar gida ƙafa ba takalmi uwarsa tana yi masa addu'a, sannan ya sa takalmansa na raka shi tasha.

Da na dawo rana ta ɗan ɗaga. Na tarar da Gwaggo tsugune a ƙofar gida. Ashe tun fitarmu ta kife ƙoƙo a kan inda ƙafarsa ta dama ta taka. Yanzu ta ɗaga ƙoƙon, tana tattara turɓayar wurin da gefen hannunta, a hankali, tana zubawa a wani ƙyallen baƙin saƙi. Maƙwabciyarmu tana tsaye da bokiti a ka, ta rufe baki da hannu.

A Maradi, in aka ce an ɗebi ƙasar sawun wane, abu guda kowa zai fahimta: za a kai wa boka a nakasa masa ƙafa, ko a yi masa kurciya, wato asirin da ke sa mutum ya shiga duniya ya manta da gida. A ƙauyenmu kuwa tsofaffin mata suna ɗiba ne don akasin haka. Sukan ƙulle ta su rataye a saman ƙofar ɗaki, wai don ƙafar ta riƙa tuna inda ta fito. Na san wannan sarai. Na sha ganin irin ƙullin a cikin jinkar ɗakunan garinmu, hayaƙi ya mai da su baƙi ƙirin.

Na ce, "Gwaggo, me kike yi?"

"Sawun mijina nika ɗauka, kar awaki su take shi. In rataye mishi bisa ƙofa."

Maƙwabciyar ta ce, "Innalillahi! Ƙasar sawu? Malam, a gidanka?"

Wannan "a gidanka" ita ta shige ni. Na fizge ƙyallen daga hannun Gwaggo na kakkaɓe shi a tsakiyar titi. Wani mai babur ya zo wucewa ya bi ta kai.

Gwaggo ta dubi titin, ta dubi hannunta. Ta ce, "Kai ma an ɗaukar maka ranar da ka tahi lakol. Ni na ɗauka. Ka taɓa ɓacewa?"

Na ɗaga murya yadda maƙwabciyar za ta ji da kyau, na ce, "Ba a yin wannan a gidana."

Ta ɗauki ƙoƙonta ta shige ciki.

Da yaron ya aiko da saƙo cikin watannin farko, da maganar ta mutu a nan. Bai aiko ba. Abokansa suka aiko wa iyayensu kaset, muka je muka saurara, ɗaya daga ciki ya ce sun rabu da shi a wani gari, ba su san inda ya nufa ba. Damina ta zo ta wuce babu labari.

Maganar ƙasar sawu kuwa ta riga ta zagaye unguwa. Mata masu zuwa jaje sukan saci kallon ɗakin Gwaggo su yi ƙasa da murya. Aka hana yara cin gyaɗarta. Wata rana na ji wani yaro ya leƙo zaure ya ce "mayya" ya ruga. A masallaci wani dattijo ya tambaye ni, "Malam, yaya tsohuwar gidanka?" yana duban wani wuri daban. Da liman ya sake yin tafiya, aka tura wani gaba, ni ina sahun farko da farar rigata.

Maiɗakina ta rame. Ba muguwa ba ce, ba ta taɓa faɗa wa Gwaggo baƙar magana ba, amma ta daina kai furar da kanta. Wata rana ta ce mini, "Malam, ni ban ce ta yi wani abu ba. Amma in na gan ta sai gabana ya faɗi."

Na yi mata bayanin al'adar garinmu, na ce don ya dawo ake yi.

Ta dube ni ta ce, "To in alheri ne, me ya sa ka watsar?"

Abin da hannuna ya yi a titi shi ya zama shaidar da kowa ke kafawa, har a cikin ɗakina. In zan gyara, dole sai na tsaya a ƙofar masallaci in ce na san abin da tsohuwar nan take nufi tun farko, tsoron bakin mutane ne ya sa na yi abin da na yi. Na auna wannan, na ga ya yi mini nauyi. Sai na nemi hanya mai sauƙi.

Akwai wata ƴar ƙanen marigayi mijin Gwaggo da ke aure a Jiratawa, mijinta yana noman rani a bakin magudanan ruwa. Na aika aka tambaye su, suka ce a kawo ta. Ranar wata Juma'a da safe, na riga na sa farar rigar, na tsaya a ƙofar ɗakinta na faɗa mata. Na ce canjin iska zai yi mata kyau, akwai ganye da ruwa a can. Na ce, "Kwana biyu ne, Gwaggo, har ƙura ta lafa." Na sha faɗar wannan magana a kasuwa in ina raba faɗan wasu, ban taɓa jin ta yi mini ɗaci a baki ba sai ranar.

Ta rarrafo daga kan tabarma ta fito tsakar gida, ta durƙusa a gabana. Ta sa hannu biyu ta ɗebi turɓaya ta zuba a kanta. Ta sake ɗiba ta zuba. Ƙasar tana gangarowa ta kan girarta, tana shiga cikin furfurarta.

Hurwa ake ce wa wannan. Yaran yanzu ba su san ta ba. Talaka ke yin ta a gaban sarki, ko mai babban laifi a gaban wanda ya yi wa laifin, yana nuna ya mai da kansa ƙasa. A garinmu in aka yi maka hurwa, sai ka sunkuya ka share ƙasar daga kan mutumin da hannunka, ka ɗaga shi tsaye. In ka yi haka magana ta ƙare, ba mai sake tayar da ita. Ban taɓa gani ko jin babba ya yi wa ɗan da ya goya ba.

Ta ce, "Ɗana, na tuba. Da abin da na yi da wanda ban yi ba. Bar ni in mutu nan."

Maiɗakina tana bakin madafa, ta juya baya tana kuka. Ni kuwa na ja da baya, na tattare bakin rigata. Na ce, "Tashi, Gwaggo, ba kyau. Allah kaɗai ake durƙusa wa." Maganar gaskiya ce, amma ba don gaskiyarta na faɗe ta ba. Hannuna yana nan a jikin rigar, bai miƙa ba.

Ta daɗe a durƙushe tana jira. Sannan ta dafa bango ta miƙe da kanta. Ta shiga ta ɗaure ƙorenta a zane. Haka ta shiga motar Jiratawa da ƙasar a kanta. Daga baya matar da ta karɓe ta ta faɗa mini cewa ta yi kwanaki ba ta yarda a taɓa kan ba, tana cewa wanda aka zuba dominsa bai share ba. Sai da aka lallashe ta da kitso sannan aka samu aka wanke.

Ƙura kuwa ta lafa, yadda na ce. Mata suka daina raɗa, maƙwabciyar ta dawo aron turmi, aka ci gaba da tura ni gaba a masallaci. Kaka ta yi kyau a shekarar, shagona na kasuwa ya cika, sai na sa aka jibge sauran buhunan a ɗakin da ke kusa da zaure. Nakan aika mata da hatsi da sabulu. Ban je ba. Kullum sai in ce sai kasuwa ta yi sauƙi.

Bayan wata daminar ta sake wucewa, yaron ya dawo. Da rana tsaka ya yi sallama, ya rame ya yi baƙi, da ƴar jaka a kafaɗa. Babu wani asiri a labarinsa. Wata gona ce mai nisa da gari ya faɗa, mai gonar ya riƙe masa takardu, babu mota babu matafiyi, sai da ya samu ya sulale. Gida ya cika da guɗa. A cikin masu barka na ji wata tana cewa, "Kun gani ko? Da ta bar gidan ai abin ya karye."

Shi kuwa da ya sha ruwa ya huta, sai ya waiwaya ya ce, "Ina matata? Ko ta yi fushi ne ba ta fito ba?" Bai jira amsa ba, ya je ya tura ƙofar ɗakin. Ya tsaya yana kallon buhuna.

Uwarsa ta ja shi gefe ta faɗa masa komai, ba ta rage nata ba, ba ta rage nawa ba. Washegari da safe ya aro babur ya tsaya a ƙofar gida ya ce, "Baba, hau."

Jiratawa kore shar, ruwa yana gudu a magudanai, ko'ina albasa da tattasai da zogale. Muka same ta a gindin mangwaro a bayan gidan, tana tsige zogale a faifai. Idanunta sun kusa tafiya gaba ɗaya.

Ta karkata kai ta ce, "Wane ne wanga mai tafiya awa raƙumi?"

"Mijinki ne, tsohuwa."

Faifan ya zame daga cinyarta. Ya durƙusa, ta lalubi fuskarsa, ta lalubi kafaɗunsa, ta gangara har ƙafafunsa ta riƙe su da hannu biyu. Ta daɗe a haka. Sannan ta ce, "Sun ramar mani da kai. Matan can ba su iya tuwo ba?"

"Babu wadda ta kai ki, shi ya sa na dawo."

"Maƙaryaci. Korar ka sunka yi."

Suka yi dariya, shi yana share ido. Na matso na gaishe ta. Ta saki ƙafafunsa ta gyara zama.

Ta ce, "Sannu da zuwa, Malam. Ku ba Malam tabarma."

Duk unguwa suna ce mini Malam, amma ita ba ta taɓa ba sai ranar. Na zauna a tabarmar kamar baƙo. Aka kawo ruwa, aka yi maganar damina da tsadar taki. Da na ga hira za ta ƙare, na ce, "Gwaggo, mun zo ne mu tafi da ke gida."

"Wane ɗaki?"

"Ɗakinki."

"An ce mani hatsi na ciki."

"Yau ɗin nan za a kwashe."

Ta lalubo faifanta ta ci gaba da tsigar zogale. Ta ce, "Bar hatsinka inda yake. Na riga na nuna ma mutanen ga inda za su sa ni, sun amsa. Ba ni sake roƙon wani."

Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Na yafe tun tuni, Malam," da irin muryar da ake amsa gaisuwar hanya. Yaron ya roƙe ta, ya ce in ba ta zo ba zai ƙara aure. Ta ce ya ƙara, ta ga wadda za ta iya da shi. Da za mu tafi ta sa aka ɗaure mana zogale, ta ce a kai wa uwarsa.

Shi ya ci gaba da zuwa duk ranar da ba ya ɗinki. Ni ma na koma, takan karɓe ni da tabarma da ruwa, ta tambayi kasuwa. Ban sake jin "ɗana" daga bakinta ba.

Da bazara ta rasu. Saƙon ya iske ni a kasuwa bayan azahar, ina tsakiyar awo. Kafin in nemo yaron mu isa Jiratawa an riga an gama. Muka tarar da mazan gidan da maƙwabtansu suna wanke ƙafafu da magirbin da suka haƙa kabarin da shi a bakin magudanar ruwa, mutanen da yawancinsu ban san fuskarsu ba. Maigidan ya raka mu ya nuna mana wurin, ya ce zafi ne ya hana su jira, ya ba mu haƙuri. Na yi masa godiya.

Da yamma muka kamo hanya a babur, yaron yana tuƙi ni ina baya. Da muka shigo Maradi ya sauke ni a ƙofar gida ya wuce.